Ni da Surukina da Burodin Agege

Ni mutum ne mai kwaɗayi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. A shekarun da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina da 'yar rumfar gyaran rediyo a Agege, kusa da layin dogo. Gyaran rediyo shi ne sana'ata, amma abin da aka fi sanina da shi a unguwa shi ne sanin wuraren cin abinci. In baƙo ya tambayi hanyar asibiti, sai a nuna masa wani. In ya tambayi inda zai samu burodi mai zafi ko amala, tuwon Yarbawa, mai laushi, sai a ce ya je wajen mai rediyo. Na san gidan burodin da ke fara fitarwa bayan asuba, na san wanda ke cika sukari, na san wanda in ka matse burodinsa a hannu yakan taso ya koma yadda yake. Ina ji da wannan ilimi kamar wanda ya yi digiri a kansa.

Matata kuwa tana can gida Arewa. Ta tafi goyon ciki, haihuwar fari, ta sauka lafiya, na je suna na dawo. Ta gama wanka, arba'in ta wuce, aka shiga wata na bakwai ba a dawo mini da ita ba. Lokacin wayar hannu ba ta kai ga irinmu ba, sai in ɗauki kaset in yi magana a ciki, in ba direbobin tirelar shanu su kai. Kaset uku na aika, amsar da ke dawowa ɗaya ce: ana gaishe ni, yaro yana lafiya. Ɗaki ya yi mini faɗi. Ina kewarta ƙwarai, kuma ina tsoron kada ɗana ya fara rarrafe bai san fuskata ba.

Sai ga saƙo cewa mahaifinta zai kawo shanu abbatuwa, kuma ranar da zai koma yana so ya gan ni. Ko yaro ya san ma'anar wannan. Zamana zai duba, abin da ya gani kuma shi zai sa a dawo da ita ko a ci gaba da gaishe ni ta bakin direbobi.

Na zauna na yi nazari ni kaɗai, ban shawarci kowa ba, na gano matsalar. Na ce ai mutanen gida suna jin Legas ba gona ba rumbu, tsoro suke kada 'yarsu ta zauna da yunwa. To, gani ya kori ji. Zan ɗauki tsohon in zagaya da shi, ya ga burodi, ya ga kek, ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya koma ya ba da labari. Na aika masa cewa kada ya karya kumallo a masauki, karin yana wuyana. Ni ma ban sa komai a bakina ba, don in bar wuri.

Na same shi a masaukin fatake da hantsi, dogo siriri cikin farar babbar riga wadda ta sha guga. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa.

"Baba, kun zo lafiya? Ya gajiyar hanya?"

"Lafiya lau, Malam. Mutanen gida suna gaishe ka."

Bai dube ni ba, gefe yake kallo. Sunan 'yarsa ma bai kama ba, da yake ita ce ta fari.

Gidan burodin da na fi so na fara kai shi. Tun daga bakin lungu ƙamshi yake tarar mutum. A ciki ga ƙarti ba riga suna jefa ƙullun fulawa a injin murza, ga mata 'yan talla sun jera katakansu suna jiran a ɗora musu. Mai gidan, wani Bayarabe mai tumbi da ya iya Hausa rabi da rabi, yana hango ni ya ɗaga hannu.

"Mala mai rediyo, yau ka makara. Na ajiye maka naka."

Na saci kallon Baba don in ga ko ya lura da irin matsayina a gari. Na karɓi burodi biyu masu zafi har suna ƙona hannu, na sa matar da ke ƙofar gidan ta zubo mana waken nan da ake dafawa ya yi lugub, da baƙar miyar barkono a kai. Na share benci, na zaunar da shi, na ajiye kwano tsakaninmu. Har na wanke hannu. Sai a lokacin na tuna.

A garinmu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, surukin ma ba ya ci a gabansa. Kowa ya san wannan, har da ni. Shekara uku ina zuwa gidan mutumin nan, a kawo mini abinci zaure, kowa ya watse, in ci in goge baki kamar ba a yi ba. Cikina ne ya tsara tafiyar nan, shi kuwa ciki ba ya da suruki. A Legas kuma babu zauren da za a bar mutum shi kaɗai.

"Bismillah, Baba," na ce, muryata ta yi ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Ci abinka, Malam."

"Ai ni a ƙoshe nake, Baba."

Daidai nan cikina ya yi wata ƙara doguwa wadda na tabbata har masu murza fulawa sun ji. Baba ya duƙufa kallon wata kaza da ke tsallaka kwata. Muka zauna haka, burodi yana hucewa a gabanmu, har mai waken ta tambaya ko wani abu ne ya faɗa ciki. Na ce ta ƙulle mana a leda.

Mai hankali a nan zai tsaya, ya mayar da tsoho masauki, ya ajiye masa ledar ya ba shi wuri. Ni kuwa sai na ce a raina wurin ne bai dace da dattijo ba, benci a bakin titi. In na kai shi shagon gilashi mai sanyi, ƙila abin ya sauya.

A hanyar zuwa tasha muka bi ta gaban rumfar Iya mai amala, inda nake cin abincin rana, sau da yawa har da na yamma. Tana cikin tuƙi ta hango mu, ta yar da muciya ta taso. Ta gaishe da Baba har ƙasa, sannan ta shiga yabona da Yarbanci gauraye da Turancin kasuwa.

"Baba, this your pikin sabi chop," in ji ta. Ta ce ba ta da mai ciniki kamata, ta san irin naman da nake so ba sai na faɗa ba, tumbi da ganda, kuma ko ruwa ake ko rana sai na zo.

Na yi niyyar fassara masa, sai na ji ya tambaye ta da Yarbanci mai kyau, wanda ya fi nawa, ko haka nake zuwa har lokacin da iyalina suke nan.

"Kullum," in ji Iya. "Bai taɓa fashi ba."

Ni kuma na gyaɗa kai ina murmushi, don a zatona shaidar riƙon amana aka ba ni.

Muka hau danfo, bas ɗin hayar Legas, zuwa Ikeja. A lokacin irin shagunan nan na gilashi sun fara yawa, mai gadi ya buɗe maka ƙofa, sanyi ya buge ka, 'yan mata masu hula su tsaya bayan kanta. Na nuna wa Baba jerin kek da mitfai da donot ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin sunan kowanne kamar ni na toya. Yarinyar kantar ta tambaye ni ko irin na kullum za ta ba ni. Na ce a'a, yau askirim za a sa wa Baba, mai ruwan hoda, a cikin ɗan mazubin nan da ake cinyewa. Na miƙa masa da hannu biyu. Kyautar suruki ba a mayarwa, sai ya karɓa, ya ce an gode, ya riƙe shi a tsaye a gabansa.

Muka fito rana. Kafin mu kai bakin titi abin ya fara gangarowa kan yatsunsa, ya bi wuyan hannu, ya shiga hannun riga.

"Malam, wannan abin naku yana zuba."

"Haka yake, Baba. Da sauri ake shansa."

"To," in ji shi, ya ci gaba da riƙewa.

Sai da ya kusa ƙarewa sannan ya sami gefen wata katanga ya jingine shi a hankali. Farar rigar nan ta yi jirwaye ja-ja tun daga hannu har gwiwa, ƙudaje suka raka mu har cikin mota.

Azahar ta same mu a Sabo, can Yaba. Nan ma na so ya ga masu waina da masu tsire na mutanenmu, kuma ya gani, don biyu daga cikinsu sun kira ni sun tambayi me ya hana ni zuwa makon jiya. Bayan mun idar da salla Baba ya sami inuwa a bayan masallaci ya zauna, ya karɓi ledar burodi da wake daga hannuna ya ce in huta da ɗauka.

"Malam, ko za ka nemo mini goro? Fari nake so. Kada ka yi gaggawa, ka zagaya ka zaɓa da kyau."

Duk wanda aka haifa a garinmu ya san abin da ake nufi. Je ka ci, ni ma in ci, mu haɗu kowa bakinsa a goge. Dattijo ya buɗe mana ƙofa mu duka biyu. Ni kuwa abin da na ji shi ne an ba ni aiki, ga damar nuna cewa ni mai zafin nama ne. Na ruga, na tsallake masu waina ban ko kalle su ba, na sayi goron a teburin farko, na dawo a guje ina haki.

Na same shi ya juya fuska ga bango, ya gutsuri burodi ya dangwali wake, kumatunsa cike. Muka haɗa ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa. Na juya da sauri na tsaya ina karanta wata takardar talla da aka manna a bango, kamar raina yana cikinta. A bayana na ji ya ƙware yana tari. Ba ni da halin kawo ruwa, don kawo ruwa yana nufin na gani. Daga ƙarshe na sayi ledar fiya wata na miƙa ta baya ba tare da na waiwaya ba. Da tarin ya lafa sai na ji yana ƙulle ledar. Loma biyu kacal ya samu, kuma bai sake taɓawa ba.

Da la'asar muka isa tashar Oyingbo inda zai hau motar Arewa. Yunwa ta sa idona yana ganin abu bibbiyu, ga masu soya kifi da ayaba ko'ina. Kafin ya hau ya tsaya a gefen motar, na durƙusa, ya yi magana yana kallon taya.

"Malam, Legas na san ta tun ba a haife ka ba. Ban zo duba ko akwai abinci a cikinta ba."

Ya ci gaba, idonsa yana kan tayar.

"Yarinyar nan ba ta kawo ƙararka ba. Uwarta ce ta matsa mata da tambaya. Ta ce shekara guda ta yi tana girki tana rufe maka a kwano, ka dawo ka ce a ƙoshe kake, da safe ta ɗumama ta ci ita kaɗai. Ta ce ba ta sani ba ko girkinta ne ba ya yi maka, kunya kuma ta hana ta tambaya."

Na tuna kwanon nan da take rufewa da faifai ta ajiye kusa da tabarma. Na tuna har zama nake ina ba ta labarin yadda Iya take haɗa miyarta, tana saurare tana cewa to. Kunyar da na ji a bayan masallaci ba komai ba ce a kan wadda ta kama ni a nan, har na ji yunwar ta ɗauke.

"Yau na ga inda ƙoshin yake fitowa," in ji shi. "Da ƙafarka ka kai ni, wuri bayan wuri. Amma na ga wani abu kuma. Tun safe ake ajiye maka abinci a gaba, cikinka yana kuka ina ji, ba ka ci ba saboda ni. Ashe kana iyawa. To ni baƙon yini ɗaya ne, Malam. Ita ta fi ni cancantar wannan haƙurin."

Ya buɗe leda ya ɗauki burodin da ya gutsura, ya bar mini ɗayan. Yana sa ƙafa a matakalar mota ya ce ƙanensa zai kawo ta da yaron nan da mako biyu, in Allah ya yarda.

Ban ci burodin a tasha ba. Na riƙe shi har Agege, na zauna a ɗaki daidai inda take ajiye kwanon, na ci shi da sanyinsa ni kaɗai, na ji yadda cin abinci a wurin yake.

Sun iso ranar da aka ce. Washegari na wuce rumfar Iya da rana kaina a ƙasa, tana kirana tana tambaya ko ba ni da lafiya. Na rufe shago kafin magariba na shiga gida, na tarar da kwano a rufe da faifai kusa da tabarma. Matata tana goye da yaro, ta tsaya daga bakin ƙofa tana jiran abin da na saba faɗa. Na wanke hannu na buɗe, tuwon masara ne da miyar kuka. Na cinye tas, na tura mata kwanon na ce ko akwai saura.

"Ba ka ci komai a waje ba?" ta tambaya.

"Ban ci ba."

Ta ɗauki kwanon ta fita, na ji tana kankare tukunya, ta daɗe fiye da yadda kankarar take buƙata. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙi ne. Miyar ta ɗan yi gishiri a ranar, ni da na san miyar rabin Legas na gane tun a lomar farko. Na ja kwanon gabana na ci gaba da ci.