Kafur ɗin Inna Zinariya

A Ƙofar Ran, in mace ta rasu, Inna Zinariya ake kira ta yi mata wanka. Ƙanwar kakata ce, siririya, ga ba'a, ga son yara, amma ba mai ba ta jariri ta riƙe. Kafur ɗin da take sakawa a ruwan ƙarshe na wankan gawa ya kama fatarta, ba sabulun da ke fitar da shi. In ta miƙa hannu a gidan suna, nan take mai jego za ta tuna yaro na jin yunwa. Abin yana ba ni haushi, amma Allah ya sani, ni ma ba na son zama kusa da ita.

Tana da nata kafur, dunƙule kamar ƙwan kaza, naɗe cikin likkafaninta a ƙasan akwati. Duk shekara in ta duba, sai ta ga ya ragu, ba ruwa ba gari. Sai ta yi dariya ta ce, "Tare muke tafiya. Ran da ya ƙare, ku ɗora ruwa."

Jikarta Bintu, mai karatun sinadarai a Yelwa, ta tsani maganar nan. Ta ce, "Haba Inna, ba wani asiri. Daga itace ake samunsa, danginsu ɗaya da ƙanshin na'ana'a. Halinsa ne ya bi iska ba tare da ya narke ba, warin nan ne ma ke korar ƙwari daga kaya." Ta jefa shi a kwalba, ta ɗaure murfi tamau, ta liƙe da kakin kyandir.

A daminar nan ɓarin jikin Inna ya shanye. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, ba ta warke ba, ba ta tafi ba. Bayanta ya yi gyambo, ba'ar duk ta ƙare.

Ran nan da hantsi ina juya ta, ta kama ni da hannun mai lafiya. "Rabi'atu, 'yar nan, ɗauko kwalbar."

Na ɗauko na duba. Kafur ya bar gindin kwalba, ya taru fari fat a ƙarƙashin murfi, kamar masu jiran a buɗe musu ƙofa. Daga baya Bintu ta ce zafin ɗaki ne ke ɗaga shi ya sake daskarewa a sama, kuma na yarda.

"Buɗe mini," in ji Inna.

Na san kwalba ba ta riƙe rai, ajali na Allah ne. Na fasa kakin, ƙanshi ya cika ɗaki, ta ja numfashi mai tsawo, ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

Kafin Juma'a Inna ta cika. Aka nemi mai wanka, mata suka yi ta kallon juna. Ni na shiga. Na kankare abin da ya rage a murfin, ya ishi ruwan ƙarshe cif.

Jiya na je suna gidan ƙawata Fati. Na miƙa hannu in karɓi yaro, ta ce yana jin yunwa.