Labulen Ɗakin Hotunan Yaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, aka kira ni a wurin aiki aka ce Allah Ya yi maka rasuwa, Yaya. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Amma tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ka san dalili.

Mutane sun san ka da shagon magani. Mu 'yan gida mun san ka da hotunan shahararren mai zanen nan, wanda yake zana abu kamar yadda yake zuwa a mafarki. Ka sha gaya mana cewa daga kan dutse ake buga su, 'yan ƙalilan, ya sa hannu da fensir a ƙasa, sannan a goge dutsen. Wanda ya lalace ya tafi ke nan. Muna yi maka tsiya cewa hoton kifin nan mai riƙe da lema ya fi mu gata a wurinka, sai ka yi dariya ka ce mu je mu wanke hannu tukuna.

Ba ka da rowa, sai dai tsoron rana. Lokacin da 'yata ta kwanta jinya ta ƙi shan magani, kai ne ka naɗe kifin a bargo ka kawo mata har bakin gado, kana ƙirƙiro mata labarin inda za shi, har ta shanye. Amma labulen ɗakin hotunan, ba wanda ya taɓa ganinsa a buɗe. Ka ce hasken rana yana cin launi a hankali, ba a lura sai ya gama. Da kake kwance a asibiti ka riƙe hannuna ka ce, "Ƙarami, labulen nan. Kada ka bari." Na ce maka to.

Shekaranjiya na je gidan, na tarar da labulen a zuge, rana ta cika ɗakin har kan bango. Na nufi taga, sai na ga matarka zaune a kujerarka, ta zuba wa kifin ido.

Na ce, "Anti, rana za ta ɓata su."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ƙarami, ashe lemar nan shuɗiya ce? Tun da aka kawo hoton nake share ɗakin nan a duhu, na ɗauka baƙa ce. Bar ni in ga abin da yayanka yake gani."

Hannuna na kan labulen, Yaya, na kasa ja. Jiya ma na koma, yana nan a buɗe. Ina tsoron ranar da shuɗin zai koɗe, ina kuma tsoron mayar da Anti cikin duhu alhali nan kaɗai take samun sauƙi. Na yi maka alkawari, ita kuma tana raye. Ba zan rufe ba sai ranar da ta ce in rufe. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Anti, da 'ya'yanmu, da abokan aikinsa na shago, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.