Kujerar Farko ta Masu Ƙaho

Jiya a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na London, wani fasinja ya buɗe akwatin ƙahonsa, warin man da ake ɗiga wa maɓallan ya bugi hancina. Wallahi sai da na sauka tun ban kai tashata ba.

Bari in gaya maka dalili. A Deptford na tashi, a flat ɗin council, irin gidajen hayar nan na hukuma, ni da iyayena da kakana na wajen uba. Tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne tun a gida, ya zo London ganin jika ya maƙale. Amarya yake kirana, ni kuma in ce Allah ya kiyashe ni da miji mai furfura. Shi ya ɗora mini ƙaho a baki ina shekara tara, Umma na ta mita, wai ina aka taɓa ganin mace da busa.

Ƙungiyar makaɗan unguwa muke yi tare. Da sanyi muna rehearsal a zauren wata makaranta, kowa da kwat, yatsu a sandare. In rana ta dawo sai mu busa a lambu, ciyawa sabon yanka tana ƙamshi. A hanya Kaka yake ba ni tarihi. Ya ce asalin kiɗan na soja ne, a tsaye ake yinsa ana maci. Daga baya ma'aikatan masana'antu da mutanen gari suka ɗauka, aka samo kujeru, aka zauna ana yi wa jama'a. "Ranar da aka kawo kujera, amarya, ranar aka fara rigimar wa ke gaba."

Shi kuwa ke gaba. Shekara da shekaru kujerar farko ta masu ƙaho tasa ce, kuma mai ita ne ke busa shi kaɗai a inda kowa yake yin shiru.

Shugabanmu Bature ne mai taushin murya, mai bin koyarwar Buda. Kafin a fara sai mun yi tsit minti biyu muna sauraron numfashinmu. Yana koya mana yadda ake aiki da mutane: ka faɗi gaskiya a lokacinta, cikin lallashi; ka saurari na kusa da kai fiye da kanka; kada ka ƙanƙame abu, komai mai wucewa ne. Kaka yana ganin girmansa ƙwarai. Yakan ce ai mu ma haka aka hore mu, mutumin kirki ne.

Ina shekara sha huɗu, ana shirin babban wasan shekara, shugaban ya ja ni gefe. Ya ce numfashin Kaka ya ragu, ni zan hau kujerar. In yi shiru, shi zai gaya masa da bakinsa. Na yarda, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, har daɗi na ji. Sati biyu ina cin tuwo kwano ɗaya da tsohon nan, ina jinsa a banɗaki yana maimaita wurin da zai busa shi kaɗai, ya cusa tawul a bakin ƙahon saboda maƙwabta.

Ashe shugaban bai gaya masa ba. Al'adar ƙungiyar ita ce kowa ya tarar da fayil ɗin takardun kiɗansa a gaban kujerarsa, da sunansa a jiki. Haka Kaka ya shigo, ya gaisa da kowa, ya nufi wurinsa, ya ga sunana. Nasa yana can layin baya. Shugaban ya duƙufa kan takardu kamar mai neman allura. Da ya ɗago, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Mu koyi sakin abu."

Ka ji fa! A gaban mutum arba'in.

Kaka ya juyo. "Amarya, kin sani?"

Na ce na sani.

"Tun yaushe?"

"Sati biyu."

Ya gyaɗa kai, ya je baya ya zauna. Ranar wasa ya busa nasa har ƙarshe, ko tuntuɓe bai yi ba. Bai taɓa yi mini faɗa ba, amma daga ranar da sunana na yanka yake kirana har ya rasu.

Yanzu ina shugabantar ma'aikata a wani asibiti a Marylebone. Ana kawo masu horo su koya mana darussan nan, har da shirun minti biyu. Ban tsani koyarwar ba, ba ita ta ci amanarmu ba. Wanda ya haddace ta ne ya ji tsoron tsoho, ya ɗora wa yarinya kayansa, kuma har yau raina a ɓace yake. Zauren ma an rushe shi an yi gidaje. Bara shugaban ya mutu, aka aiko in zo in busa a taron tunawa da shi. Na ce su yi haƙuri, tun wancan wasan ban sake kai ƙaho bakina ba.