Jirgin tabarmar Mushe Isufu

“Baba, muddin ina numfashi ba mai rufe maka tsakar gidan nan.”

Kai ka faɗa, Abdu. A gabana, ranar Sallah.

Da safen nan labari ya iske ni: mahaifinka Mushe Isufu (Mushe muke ce wa malamin boko), malaminmu na lakwal, wato makaranta, ya rasu a gidan likita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ruga gidanku na unguwar Maourey gaisuwa. Me zan tarar? Bulo da kwanon rufi jibge a tsakar gida, har mahaifiyarka Inna Hadiza ta rasa inda za ta shimfiɗa wa mata tabarma. Wai shaguna za ka yi. Tsoho na kwance a likita, kai kana awon fili.

Ku da ba ku san shi ba, ku ji abin da aka yi a filin nan.

Shekarar babban fari muna yara, soji ke mulki, ba a barinmu waje bayan magariba. Kogin Isa ya janye har ana ratsa shi da ƙafa. Gidaje da yawa ba a ɗora tukunyar dare.

Sai Mushe ya tara mu, yaran layi duka, ya shimfiɗa babbar tabarma ya ce jirgin ruwa ce. Muciyar Inna ita ce abin tuƙi.

“Tunda na ƙasa ya ƙafe, mu bi kogin sama. Kowa ya kwanta rigingine!”

Mu gaida Zara matar wata, mu ratsa ta gefen taurarin nan Kaza da 'ya'yanta a hankali kar mu firgita 'yan tsakin. Dokar jirgi ɗaya ce: ba a zancen tuwo sai an sauka tasha, tashar kuwa tauraron nan Gamzaki.

Gamzaki sai asuba yake fitowa. Ba wanda ya taɓa isa, barci ke kwashe mu a hanya.

Sai da na haihu na gane dabarar. Iyayenmu mata yake rabawa da kukanmu na yunwa.

Kai ma kana cikin jirgin, Abdu. Kai ke fara kuka, shi ya sa yake ba ka muciya.

Bai daina ba har tsufa. Da an ɗauke wuta yaran unguwa ke cika gidan. Ganina da shi na ƙarshe, a Sallar nan, ido ya tafi, amma ya kama hannuna ya ɗaga sama ya ce, “Rabi, duba min, Kaza ta fito?” Na ce Mushe ai rana tsaka ce. Ya yi dariya: “Tana nan, ke ce ba ki gani.”

Kaico. Jikokina ba su samu shiga jirginsa ba.

Allah ya jiƙan Mushe Isufu, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Kai kuma Abdu, Inna a tsakar gidan nan za ta yi takaba, tana ganin sama. Na ba ka zuwa sadakar bakwai ka kwashe kayanka. In ta wuce suna nan, ni da sauran fasinjoji, da furfurarmu, za mu ɗauke su bulo-bulo mu jere maka a ƙofar kantinka na Zongo.