Tukunyar Gudu a Motar Baba

Motar da Baba ya bari ita kaɗai ce ba a raba ba a gadonmu. Kawu, ƙanin Baba, ya ce a bar ta a hannun Yaya, babban wanmu, ya ci gaba da ɗaukar fasinja tsakanin Gummi da Anka kamar yadda Baba ya yi, gida ya ci abinci daga ciki. Amma ya kafa sharaɗi a gaban kowa: ranar da injin ya mutu ta dalilin ganganci, ranar za a sayar da ita a raba. Kawu ya san da wanda yake magana. Inna dai ba ta so a sayar ba, ni ma haka, domin a cikin motar nan aka kai ni makaranta, a cikinta kuma aka kai ni gidan miji.

Yaya yana da halaye biyu da bai kamata su zauna a jikin mutum ɗaya ba: son gudu da rowar fetur. Rowar ba shi kaɗai ba ne. Duk direban tasharmu sai ya kai mota an ɗaure masa kafireta, wato an matse hanyar mai har injin ya riƙa sha kamar mai jinya. Yaya dai ya fi su nisa. In ya hango gangara sai ya kashe mota, ya bar ta a hannun Allah, fasinja na salati shi yana murmushi. Ma'aunin mai na motar ya daɗe da mutuwa, sai ya yanko karan dawa yana zura shi a tanki, ya zaro ya duba da fuskar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Gudun kuwa yana da dalili. A tashar Anka, wanda ya riga isowa shi ne zai riga yin lodi. Akwai wani direba mutumin Bukkuyum mai sabuwar mota, kullum sai ya bar Yaya ya yi gaba, in sun fito miƙaƙƙen titin da ke bayan mararraba ya zo ya wuce shi, ya ɗaga masa hula ta taga. Wannan hular ta hana Yaya jin daɗin tuwo shekara guda.

A lokacin zinariyar Bagega ta cika Anka da baƙi. Wani mai sayen zinariya ya sa aka kawo masa mota daga Kwatano, ta zo da wata shuɗiyar tukunyar gas a ɗaure cikin but. Shi ya ɗauka ta kashe gobara ce, kuma ta tare masa wurin buhuna, sai ya sa bakanike ya cire. Bakaniken ya taɓa zama a Legas, ya san abin. Ya ce sunanta naitiros, iska ce da ake fesa wa inji ya yi ƙarfin da ba nasa ba na ɗan lokaci. Kafin la'asar labari ya kai tasha, kafin magariba Yaya yana gareji.

Ina wurin ranar da aka gama haɗawa, na biyo shi zai mai da ni Gummi. Bakaniken, dattijo ne mai fama da ciwon baya, ya zaunar da Yaya a kan taya ya yi masa karatu. Kada tukunyar ta zauna a rana, zafi na kumbura iskar. In an ajiye mota a rufe bakinta. Ba a taɓa maɓallin fesa iskar sai totur ya kai ƙasa, inji ya riga ya ɗauki gudu, kuma a saki da wuri. Man gidan mai za a sha, ban da na bumburutu da ake gauraya wa kananzir. Ya canza fulogai, ya fitar da wani siririn bututu ta ƙasan but don in tukunyar ta yi numfashi ta yi a waje. Daga nan ya kama wata tiyo ya girgiza ta a gaban hancin Yaya.

“Wagga ita ta babba,” in ji shi. “Duk sa'ad da iska ta shiga, mai na biye da ita ta nan. Iska ba mai, wuta ta zalla. Kak ka bari kowa ya taɓa ta.”

Yaya ya ce, “In sha Allahu, Baba.” Amma na ga idonsa ya tsaya a kan tiyon, kuma na san wannan kallon.

Gaskiya Yaya ya kiyaye dokoki har ya wuce gona da iri. Ya naɗe tukunyar da jiƙaƙƙen buhu kamar randa. Ya kori mai rake daga gindin dogon yaron tasha don motar ta samu inuwa. In rana ta take sai ya buɗe but ya tsaya yana yi mata fifita da kwali. Matarsa ta ce ita da ta haifa masa 'ya'ya ko sau ɗaya bai taɓa yi mata fifita ba, ya ce ai ita ba ta fashewa.

Gwajin farko ya yi kyau. Mutumin Bukkuyum ya zo zai wuce, Yaya ya danna, tsohuwar motar Baba ta zabura ta bar shi da hula a hannu. Ranar Yaya ya saya wa 'yan kamasho shayi, abin da ba a taɓa gani ba. Da ya dawo gida ya zura karan dawa a tanki, murnar ta tsaya nan.

Kwana biyu yana zagaye motar yana tsaki. Daga baya ya kai ta wurin mai ɗaure masa kafireta a Gummi, mutumin da bai taɓa ganin irin wannan haɗi ba, amma ya san tiyon mai in ya gan ta. Ya naɗa mata waya ya murɗe, ya bar 'yar hanya. Yaya da bakinsa ya ba ni labari, yana alfahari. Na tuna masa maganar dattijon.

“Shi bai san tsadar mai ba,” in ji Yaya. “Ban toshe ta duka ba, rage mata ni yi.”

Ranar da abin ya faru ina gidan gaba, za ni suna a Anka, da kwanon cincin a cinyata. Mun wuce mararraba, sai ga mutumin Bukkuyum a madubi. Yaya ya gyara zama, ya taka totur har ƙasa, ya yi bisimilla, ya danna. Motar ta zabura kamar wancan karon. Sai na ji ƙara a gaba kamar an zuba tsakuwa a kwanon sha ana kaɗawa. Yaya bai saki ba, saboda hular tana daidai tagarsa. Wani abu ya buga da ƙarfi, farin hayaƙi ya turnuƙe gilashi, muka gangara gefen titi a hankali har muka tsaya kusa da gonar wani.

Mutumin Bukkuyum bai wuce ba, da ya wuce ma da ya fi. Ya dawo da baya, ya fito ya yi mana sannu, ya tambayi Yaya ko akwai abin da zai taimaka, sa'an nan ya kwashe fasinjojinmu cikin ladabi. Ni na ƙi shiga. Na zauna a gefen titi ina cin cincin ɗin mutane saboda haushi.

Da dattijon ya buɗe injin, fistan biyu sun narke, ɗaya har ana leƙa ƙasa ta cikinsa. Ya bi tiyon da hannu har ya iske wayar. Bai yi faɗa ba. Ya kwance ta, ya miƙa wa Yaya, ya ce ya adana, wataƙila ta yi masa amfani a shingen awaki. Tukunyar kuwa lafiyarta lau, sanyi ƙalau a cikin buhunta.

Kawu bai ɓata lokaci ba. Aka jawo motar zuwa ƙofar gida, 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo suka duba, aka daidaita farashi. Na yi ta yi wa Yaya dariya tun muna yara, amma ranar ban iya ba. Tausayinsa na ji, kuma na ji haushinsa har cikin raina. Ya shiga ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna yana kame-kamen bayani, iska kaza, tiyo kaza. Inna tana tsince wake, ta bar shi ya gama.

“Ni ban san tiyo ba,” ta ce. “Abin da ni sani, ubanku ya sha hita gidan ga bai bar muna ko mudun gero ba, don ya cika ma motag ga ciki. Mu munka yi haƙuri da yunwa, ita ba ta taɓa yi ba. Tashi ka tura musu, sun daɗe tsaye.”

Yaya ya tashi ya fita. Ni aka sa na riƙe sitiyari, shi ya sa kafaɗa a bayan but, muka kai ta bakin titi.