Tayin da Baffa Ya Amsa

Lasin tuƙina ya shekara biyu kwance a jakata, ban taɓa hawa titi da mota ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. A Wheaton ta ƙasar Amurka muke zaune a lokacin, ina aikin jinya a wani asibiti cikin birnin Washington, maigidana kuma injiniya ne a wani kamfanin gine-gine. Mota ɗaya ce a gidan, kuma tasa ce. Da kaina na je na koyi tuƙi, da kaina na ci jarrabawa, amma duk ranar da na kai hannu ga makulli sai ya ce, "Ki bari ki ƙara gogewa tukuna, Beltway ba wurin koyo ba ne." Beltway ita ce babbar hanyar da ta zagaye birnin, inda motoci ke gudu kamar an biyo su. Ni kuwa ban taɓa ce masa can zan hau ba, kanti kawai nake so in je in dawo. Yadda mutum zai goge bai tuƙa ba, wannan sai injiniyoyi ne suka sani.

Saboda haka bas nake bi zuwa Silver Spring, in hau jirgin ƙasa daga can. Da rani ba laifi. Da hunturu kuwa, in na tsaya a bakin Georgia Avenue ƙanƙara ta shige mini takalmi, sai in riƙa kallon mata 'yan'uwana suna wucewa cikin motocinsu, gilashi a rufe, wata ma har da kofin shayi a hannu. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Wata rana na dawo gida yatsun ƙafata ba sa motsi, na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, irin wanda ba na kunyar a ji.

Ran nan ne maigidan ya yi mini alkawari. Da ma mun daɗe muna zancen in hutunmu ya zo ɗaya mu je wani wuri mai zafi, mu biyu, domin tun da muka zo ƙasar gidanmu bai rabu da baƙi ba. Ni ce na kawo sunan Barbados, saboda wata dattijuwa da muke aiki ɓangare ɗaya 'yar can ce, kullum cikin ba ni labarin tsibirinsu take. Sai ya ce, "To shi ke nan, mu je can. Babu Beltway a can. Mu yi hayar mota, ke za ki tuƙa, ni in zauna a gefenki in yi shiru." Na ce ya maimaita. Ya maimaita yana dariya, har ya ɗaga hannu.

Washegari na gaya wa dattijuwar nan, ta rungume ni a gaban marasa lafiya. Ta kawo mini taswirar tsibirin, tsohuwa, duk ta karye a wuraren naɗi. Ta ce mu sauka kusa da Bridgetown, babban garinsu, sannan in tuƙa zuwa Speightstown, inda aka haife ta. Da na auna tafiyar, ba ta fi daga cikin birnin Zariya zuwa Shika ba. Wani zai ce wannan ai ba tafiya ba ce. A wurina kuwa kamar za ni Makka.

Duk lokacin hutun cin abinci sai mu baje taswirar a tebur, ta riƙa bin hanyar da yatsa. Ta ce teku zai kasance a hagu tun daga farko har ƙarshe, wani wuri a gan shi, wani wuri gidaje su tare. Ta ce hanyar siririya ce, ga kwata a gefe, kada in matsa baki da yawa. Ta ce ƙananan bas ɗinsu suna tsayawa inda suka ga dama, kuma in aka yi mini oda kada in firgita, sau da yawa gaisuwa ce. A tsakiyar hanya akwai wani ƙaramin gari, nan zan tsaya in sayi soyayyen kifi. Ta nuna mini mararrabar da baƙi ke ɓata, da cocin dutse da zan gani in san na kusa. Na haddace su duka kamar karatun allo.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsorata ni. Su a can hannun hagu suke bi, sitiyari kuma yana dama. Mu ma a gida haka ake yi da, kafin canjin hannu, amma lokacin ina yarinya, ban san komai ba. To ban bari wannan ya kashe mini gwiwa ba. Ranar Lahadi da safe, kafin a buɗe manyan kantuna, maigidan yakan kai ni filin ajiye motocinsu, ba kowa, in yi ta zagaye ina riƙe hagu. A gida kuma in zauna a ƙarshen doguwar kujera ta dama, murfin tukunya a hannuna, ina sauya giya da muciya a hannun hagu. Yakan leƙo ya ce, "Direba, a yi a hankali da fasinja." Kwanakin nan mun yi dariya tare fiye da duk shekarun da muka yi a ƙasar.

Ana cikin haka Baffa ya zo. Ƙanen mahaifin maigidana ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifin nasa. Ya zo ne a cire masa yanar ido. Kada a ce na ƙi shi, ban ƙi shi ba. Dattijo ne mai barkwanci, ba ya faɗa, ba ya tsirfa. Na tuƙa masa tuwo, na kaɗa masa miyar kukar da ya zo da ita, ni nake ɗiga masa magani safe da yamma. Na koma yawo da mayafi a cikin gidana, ban damu ba. An yi aikin lafiya, ido ya buɗe. Mun shirya cewa makon da za mu yi tafiya zai zauna a gidan wani abokin maigidan a Largo, daga nan ya koma gida.

Tun da idon ya washe Baffa ba ya barin rubutu ya wuce shi, har na jikin kwalin madara sai ya karanta. Wata Lahadi bayan cin abincin rana ya ga taswirar a kan tebur, ya jawo ta.

"Wannan kuma ƙasar ina ce, duk ruwa ya kewaye ta?"

Maigidan ya yi masa bayani, ya ce ɗan hutu za mu je mu yi. Da ya tsaya nan da shi ke nan. Sai na ji ya ƙara da cewa, "Ai da ma sai mu tafi tare, Baffa, ka sha iska kafin ka koma."

Kowa ya san wannan maganar. Tayi ne na fatar baki, irin wanda ake yi wa wanda ya tarar da kai kana cin abinci. Kai ka ce bismillah, shi ya ce alhamdu lillahi, kowa ya fita kunyar kowa. Ina tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, ina jiran in ji Baffa ya ce a'a, ku je ku dawo lafiya. Ya ɗan ƙara kallon taswirar, ya gyara tabarau.

"To, Allah ya kai mu. Ban taɓa ganin teku da idona ba, ga shi kuwa an wanke mini shi."

Na koma kicin na ajiye farantin a hankali, don in na sake shi yadda zuciyata ke so sai ya fashe.

A ɗakin wanki na ƙasan bene na tare maigidan, inda ƙarar injin za ta rufe muryarmu. Na ce masa me ya kai shi.

"Tayi na yi. Wa ya san zai amsa?"

"To ka koma ka ce masa tayi ne."

"Haba! Mutumin da ya riƙe ni? Da wane bakin?"

"Da bakin da ka yi tayin."

Ya ce in yi haƙuri, mako ɗaya ne, wani hutun na nan zuwa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu shi ya ja, ni ruwan ya doka. Duk da haka na sauko. Na ce na ji, Baffa ya zo, zan yi hutun da mayafina, zan ci abinci a bayansu, duk na yarda. Abu ɗaya nake so ya bar mini, ni zan tuƙa motar nan daga Bridgetown zuwa Speightstown. Ya ce, "Za mu gani." Na zauna da shi tsawon da zan san abin da "za mu gani" ke nufi a bakinsa, amma na riƙe ta hannu biyu, don ba ni da wata.

Daga ranar taswirar ta koma hannun Baffa. Da ita yake yini. Ranar da ya ji cewa hannun hagu ake bi a can, sai ka ce an yi masa albishir. Ya ce ai shi a hannun hagu ya koyi tuƙi, ya sha hanyar Zariya zuwa Funtuwa da motar ofis tun kafin canjin hannu. Ya dubi ɗan nasa ya ce, "Kada ka damu. Ni zan zauna gaba in riƙa nuna maka, ba za ka ɓata hannu ba."

Na dubi maigidan. Kalma huɗu ko biyar kawai ake buƙata, ya ce ai ita ce direbar. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a cikin shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Da na ga ba zai yi ba, sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na sa baki a maganar suruki. Na russuna na ce, "Baffa, ai da ni ce zan tuƙa."

Baffa ya yi dariya, dariyar ƙauna, wadda ta fi zagi ciwo.

"Ke 'yata, ga mijinki zaune? Ki huta abinki. Wahalar da kika sha da ni ai ta isa. Ki zauna a baya ki miƙe ƙafa, mu za mu yi miki hidima."

Da faɗa ya yi, da na san yadda zan ji haushinsa. To alheri yake nufi, har zuciyarsa. Wanda ya san gaskiyar magana yana zaune yana shan shayi.

Da na gaya wa dattijuwar wurin aikinmu, ta buɗe baki ta ce in faɗa musu a'a mana, me ke da wuya? Na yi ta neman yadda zan fassara mata kunyar suruki da Turanci, na rasa. Sai na ce mata ba komai. Ta naɗe mini wani ɗan ƙunshi in kai wa ƙanwarta a Speightstown, ta ce in gaya mata ni ce na tuƙo kaina. Na karɓa.

Mun je. Zafi ya tare mu tun daga ƙofar jirgi, irin na gida, har ƙwalla ta zo mini. Washegari muka je wurin hayar mota. Matar da ke wurin ta gane muryata, domin ni ce na yi ta buga mata waya daga Wheaton ina tambayar irin motar da giyarta. Ta yi murmushi ta miƙo mini makulli. Hannuna ya riga ya tashi, sai na maigidan ya wuce ta saman kafaɗata ya karɓa. Bai dube ni ba. Matar ta dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa.

Na shiga baya, buta da darduma da ƙunshin dattijuwa a cinyata. Ba mu fita daga gari ba maigidan ya rikice a shataletalen farko, ya nemi shiga ta hannun da ya saba. Baffa yana can yana kallon teku baki buɗe, ya manta da zancen nuna hanya. Na so in yi shiru in bar su da halinsu, wallahi na so. To rai ba abin wasa ba ne. Na ce, "Ta hagu za ka shiga." Ya shiga. Daga nan ban sake rufe baki ba. Rage gudu, bas ɗin nan zai tsaya. Kada ka matsa baki, akwai kwata. Ba faɗa yake maka ba, gaisuwa ce. Bar wannan kwanar, ta gaba ce. Duk abin da dattijuwa ta faɗa yana nan inda ta ce, har cocin dutsen. Ban tsaya sayen kifi ba, domin ba wanda ya tambaye ni ko ina so a tsaya.

Muka isa Speightstown lafiya, ya kashe mota a gindin wata bishiya. Baffa ya dafa kafaɗarsa, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Kai, madalla! Ko kuskure ɗaya babu. Wanda ya gan ka sai ya ce a nan aka haife ka."

Na ɗago kai na dubi madubin gaba, na jira. Idonmu ya haɗu, ya kawar da nasa.

"Ai albarkacin zamanka a gaba ne, Baffa," in ji shi.