Ba Kununa Ne Ya Kashe Yaya Saratu Ba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Saratu makwancinta, kuma har yau a gidan mijinta cewa ake kununa ne ya kashe ta. Da wannan magana 'yarta Ladi ta girma. Ni ba mai fita ba ce, karatuna ma bai yi nisa ba, amma bana kam sai na faɗi nawa.

Ƙafa kawai Yaya ta karya. Kabu-kabu ne ya zubar da ita a hanyar Mahuta, aka kwantar da ita a wani asibiti nan Zuru, ni ce mai jinya. Kwana huɗu tana ta zuba, har tana yi wa ma'aikata alkawarin gyaɗar da ba ta ma cire ba. Ran na biyar zazzaɓi ya rufe ta.

Mai zaman tabarma a gindin gado, ba abin da ke wuce kunnenta. Akwai wata ledar ƙarin ruwa rataye a taga, allura soke a jikinta, tana kwana tana wuni. Daga nan ake zuƙa a wanke wa kowa allurar da ke hannunsa. Nas na wucewa, jim kaɗan sai in ji gadajen ƙarfe sun fara kaɗawa: na bakin ƙofa, na kusa da shi, sannan namu. Mai jego, mai ciwon suga, mai karaya, duk rawar sanyi iri ɗaya.

Na ce, "Sista, ki gafarce ni, anya ruwan nan lafiya yake?"

Ta ce, "Mama, a ina kika yi karatun likita? Ku dai ku daina ɗura musu jiƙe-jiƙe a kunu."

A gaban surukan Yaya ta faɗa. Kwana uku bayan nan Yaya ta cika, su kuwa sun riga sun ji abin da za su riƙe.

Sai da mutuwa ta yi yawa a ɗakin aka turo masu bincike. Sun shafa auduga a famfo, a zannuwan gado, har a hannun ma'aikata, ba su gano komai ba. Wata yarinya a cikinsu ce ta bi masu jinya gida-gida. Ta same ni ina tankaɗe, ta zauna, ta bar ni na kai ƙarshen zancena a kan ledar nan ta taga. Kafin ita ba wanda ya taɓa yi. Da ta dawo ta ce ƙwayar cutar da ke cikin jinin majinyatan, ita suka tarar a ledar. Na ce mu je gidan mijin Yaya ta maimaita. Ta ce ba a ba ta izini ba, in jira takarda. Ina nan ina jira.

Yanzu an yi wa asibitin fenti, an ce an daina rataya ledar. Da Yaya za ta leƙo, na san ta, cewa za ta yi, "To ai an gyara, Talatu, bar wa Allah." Ita mai yafiya ce. Ni ban kai ta ba. An gyara taga, ni ba wanda ya gyara mini suna.

Abin da ya rage mini na Yaya shi ne Ladi. Muryarta sak, har yadda take jan gaisuwa. Ranar kasuwa takan biyo, ta gaishe ni daga bakin zaure. In na miƙa mata ruwa, sai ta ce ta ƙoshi.